Ta Haura Makin da Aka Yanke Amma Ba Ta Samu Likitanci Ba: Yaya Za Ta Sake Shiri?

Tambaya: Wani magidanci daga Katsina ya rubuto cewa 'yarsa ta zauna jarrabawar JAMB a 2025 ta samu maki 238, tana neman karatun likita a wata jami'ar tarayya da ke Arewa, kuma duk da cewa makinta ya haura wanda aka sanar nesa ba kusa ba, sunanta bai fito ba. Yana so ya san ko sai da hanya ake samun irin wannan gurbi, kuma idan za ta sake zama, ta yaya ya kamata ta shirya.

Amsa: Malam, Allah ya yi wa yarinya albarka, domin makin da ta samu ba abin rainawa ba ne. A sakamakon farko da hukumar JAMB ta fitar a 2025, cikin ɗalibai fiye da miliyan 1.9 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba, saboda haka mai 238 tana gaban mafi yawan tsararrakinta. Sai dai cin jarrabawa daban, samun gurbi daban, kuma a nan ne iyaye da yawa suke ruɗewa. Makin 150 da aka sanar a waccan shekarar a taron da hukumar ke yi da shugabannin manyan makarantu, ma'anarsa kawai ita ce ba a yarda wata jami'a ta ɗauki wanda ya gaza haka ba. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata ƙa'idar sama da wannan, kowane sashe kuma yana da nasa makin, wanda yawan masu nema da ƙarancin kujeru ne suke yanke shi, ba sanarwa ba.

Likitanci ya fi sauran fannoni tsanani saboda jami'a ba ta da 'yancin ɗaukar adadin da ta ga dama. Hukumar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, wato MDCN, ita ce take ƙayyade wa kowace kwalejin likitanci yawan ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwaje-gwajenta da gadajen asibitin koyarwarta. Abin kamar motar haya ne a tasha: komai yawan masu riƙe da kuɗin mota, iya kujerun da ke ciki za ta ɗauka. Idan dubbai suka nemi kujerun da ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, za a jera su ne daga mai mafi yawan maki zuwa ƙasa, a yanke inda kujeru suka ƙare, kuma wanda aka yanke a kansa ba faɗuwa ya yi ba.

Wannan jeri kuma ba guda ɗaya ba ne. A jami'o'in tarayya ana raba guraben ne kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla ba tare da duba jihar mutum ba, kashi 35 ga jihohin da ke yankin da aka keɓe wa jami'ar, sannan kashi 20 ga jihohin da ake lissafawa a matsayin waɗanda aka bari a baya a fannin ilimin boko, waɗanda suka haɗa da Katsina, Jigawa, Zamfara, Sakkwato, Kebbi, Yobe da wasunsu. Mutanenmu sukan ɗauka wannan rabo garkuwa ce gare su, amma a jami'a irin ta Ahmadu Bello da ke Zariya ko Bayero da ke Kano ko Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, yawancin masu neman likitanci duk suna da wannan gatan, don haka 'yarka tana takara ne da haziƙan jiharta da na maƙwabta. Game da zancen hanya, ba zan ce maka babu alfarma a ƙasar nan ba, amma tun da aka kafa tsarin CAPS a 2017, wanda ta cikinsa dole kowace jami'a ta miƙa sunayen waɗanda take son ɗauka hukumar JAMB ta amince, tsallake mai maki mai yawa a ɗauki na ƙasa da shi ya ƙara wahala. A ganina 238 kaɗai ya isa ya bayyana abin da ya faru, ba sai an nemo wani dalili ba.

Abu na farko da za ku yi, tun kafin ta buɗe littafi, shi ne ku gano yadda jami'ar da take so take haɗa maki, domin makin JAMB ɓangare ne kawai na lissafin. Zan kawo misali da Jami'ar Legas saboda tsarinta a bayyane yake: tana raba makin JAMB gida takwas ya zama kashi 50, jarrabawar tantancewa da ake kira Post-UTME ta ɗauki kashi 30, sakamakon sakandare kuma kashi 20, inda A1 ke da maki 4, C6 kuma maki 2. A wannan tsari mai 238 tana da 29.75, mai 290 kuma tana da 36.25, tazarar maki shida da rabi ke nan. Amma wadda ta zo da A1 a darussa biyar ta fi wadda ta zo da C6 biyar da maki goma cif, wanda ya yi daidai da maki 80 na JAMB. Ba kowace jami'a ce take bin wannan hanyar ba, wasu suna haɗa JAMB da Post-UTME ne kawai su raba biyu, kuma sukan sauya tsarin daga shekara zuwa shekara, shi ya sa dole a karanta sanarwar jami'ar ta bara da ta bana da idon basira. Idan jami'ar tana ba sakamakon sakandare maki, kuma takardar yarinyar cike take da C5 da C6, to sake zama WAEC ko NECO yana iya fi mata amfani a kan ƙarin wata uku na lesin. A kuma tabbatar tana da kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, domin kwalejojin likitanci da dama suna sharɗanta a same su a zama ɗaya, ba a haɗa takardu biyu ba.

Ita jarrabawar JAMB kanta, wadda ake kira UTME, tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake yin ta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, wanda wajibi ne a kan kowa, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin darussa uku, waɗanda ga mai neman likitanci su ne Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Kowane darasi yana da maki 100, jimilla 400. Idan ka raba minti 120 a kan tambayoyi 180 za ka ga daƙiƙa 40 ce take zuwa wa kowace tambaya, kuma cikin wannan lokacin ne za ta karanta, ta fahimta, ta yi lissafi idan akwai, ta zaɓi amsa. Waɗanda suka kai maki 300 a 2024 da 2025 ba su cika ɗaya cikin ɗari ba, don haka ba na son a ɗora wa yarinya burin 350 a karya mata gwiwa. Burin da ya dace da ita shi ne ta tashi daga 238 zuwa wajen 280 ko 290, kuma a ƙiyasi wannan na nufin ƙarin amsoshi 20 zuwa 25 da za ta ci daidai, wato biyar ko shida a kowane darasi. Idan aka faɗa wa ɗalibi haka, aikin yakan zama abin da yake iya hangowa.

Daga ina waɗannan amsoshi za su fito? Ku ɗauko takardar sakamakonta ta bara, domin tana nuna makin kowane darasi daban. Abin da na saba gani a wajen ɗalibanmu masu neman fannin lafiya shi ne Bayoloji yana sama, Kemistiri yana tsakiya, Fiziks da Turanci su ne suke jan su ƙasa. Ɗabi'ar ɗalibi kuwa ita ce ya riƙa komawa darasin da yake jin daɗinsa, ya yini yana bitar Bayoloji yana jin cewa ya yi karatu, alhali ɗaga maki daga 45 zuwa 65 a Fiziks ya fi sauƙi ƙwarai a kan ɗaga shi daga 72 zuwa 92 a Bayoloji. Kashi biyu cikin uku na lokacinta ya kamata ya tafi ga darussa biyun da suka fi rauni.

Zan ɗan tsaya a kan Turanci, domin a ra'ayina shi ne tushen matsalar yaranmu, har a darussan kimiyya. Yaron da ya tashi yana Hausa a gida da kasuwa da filin wasa, wanda sau da yawa malaminsa na Fiziks ma da Hausa ya yi masa bayani, yana iya sanin darasin sarai amma ya ɓata daƙiƙa 30 wajen gane abin da tambayar take nema. Ba ƙarancin basira ba ne, ƙarancin saurin karatu ne, kuma ana maganinsa da karatu kawai. Ta riƙa karanta rubutun Turanci na akalla rabin awa kullum, sharhin jarida ko labari ko maƙala, sannan ta rufe ta faɗi abin da marubucin yake nufi cikin jimla biyu. Wannan atisaye shi ne ainihin abin da sashen fahimtar nassi yake gwadawa. Littafin labarin da hukumar ke zaɓa wa kowace shekara ta karanta shi da kanta daga farko zuwa ƙarshe, kada ta dogara da taƙaitawar da ake sayarwa a bakin makarantu, domin masu tsara tambaya sukan ɗauko ƙananan bayanai da taƙaitawa ba ta kawowa. Akwai kuma sashen furuci, inda ake tambayar sautukan wasula da baƙaƙe da gaɓar da ake nauyaya wa murya a cikin kalma. Wannan sashe yana kayar da Bahaushe saboda harshenmu ba ya bambance wasu sautukan, kamar na p da f, kuma ba a koyon sa da ido, sai ta saurari kalmomin ana furta su, ko a rediyo ko a ƙamus na waya mai sauti, tana maimaitawa.

A darussan kimiyya, ta fara da sauke manhajar karatu ta JAMB daga shafin hukumar, kyauta ne, ta buga ta a takarda ta liƙa a bango, tana soke kowane babi da ta gama. Manhajar ta ƙunshi karatun aji ɗaya zuwa aji uku na babbar sakandare, kuma inda ɗalibai suka fi zubar da maki shi ne abubuwan aji ɗaya da suka ɗauka sun wuce su: ma'aunai da motsi da zafi a Fiziks, lissafin mol da dokokin iskar gas a Kemistiri. A Bayoloji kuma sukan yi sakaci da ilimin gado da na muhallin halittu, saboda yawancin makarantu a gurguje suke koyar da su gab da jarrabawa. Ban yarda da haddar amsoshin tsofaffin tambayoyi ba, ko da yake ita ce sana'ar cibiyoyin lesin da yawa. Tsofaffin tambayoyi ma'auni ne na gano inda rauni yake, kuma wasu littattafan da ake sayarwa a kasuwa suna ɗauke da amsoshin da ba daidai ba, wanda ya haddace su ya haddace kuskure.

Ga yadda nake so ta yi amfani da su. Kowace Asabar ta zauna ta amsa cikakkiyar jarrabawa ta tambayoyi 180, da agogo a gabanta, awa biyu ba ƙari, ba waya, ba tashi. Bayan ta gama ta ɗauko wani littafin rubutu da ta keɓe, ta rubuta kowace tambaya da ta faɗi, a gefenta kuma ta rubuta dalili: ko ba ta san abin ba ne sam, ko ta sani amma ta karanta tambayar a karkace, misali ba ta lura da kalmar except ko not ba, ko kuwa lokaci ne ya ƙure ta yi canke. Bayan mako huɗu wannan littafin zai faɗa mata gaskiyar da babu malamin lesin da zai iya faɗa mata. Idan dalili na farko ya fi yawa, komawa littafin darasi ne magani. Idan na biyu ne, ta koyi karanta tambaya sau biyu kafin ta dubi zaɓuɓɓuka. Idan na uku ne, tsarin rabon lokaci take buƙata, kuma wanda nake ba ɗalibaina shi ne minti 20 ga Bayoloji tunda ba shi da lissafi sosai, 25 ga Kemistiri, 35 ga Turanci, 32 ga Fiziks, sauran minti takwas kuma a koma kan waɗanda aka tsallake. Ba a rage maki saboda amsar kuskure, don haka kada ta bar tambaya ko ɗaya babu amsa.

Wajibi ne wasu daga cikin waɗannan gwaje-gwaje su kasance a kan kwamfuta ta gaske, ba a waya ba. Ta saba da amfani da haruffan allon madannai, A zuwa D na zaɓen amsa, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, domin sun fi linzamin kwamfuta sauri. Ta saba da kalkuletan da ke kan allon, tunda ba a shiga da na hannu. Jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaskiya ba dole ba ce, amma ina ba da shawarar a biya mata ta yi, ko don ta ga yadda ake tantance yatsu da yadda ɗakin yake. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kai ma, Malam, akwai naka aikin. Yarinya mace a gidajenmu ita ce mai shara da wanke-wanke da ɗora tukunya da rainon ƙanne, kuma sau da yawa sai bayan isha'i take samun kanta, a lokacin da ta gaji kuma wuta ta ɗauke. Ku zauna da mahaifiyarta ku ware mata awa uku zuwa huɗu da safe, tsakanin asuba da hantsi, waɗanda ba za a aike ta ko'ina ba, na tsawon wata huɗu ko biyar. Wannan ya fi kuɗin lesin tasiri. Idan azumi ya faɗo cikin lokacin shiri, kamar yadda yake faɗowa a 'yan shekarun nan, a mayar da karatu mai nauyi bayan sahur, a bar bita mai sauƙi da rana.

Rajista kuma tana da tarkunan da suke kayar da ɗalibai masu ƙoƙari. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN, wadda ake turawa ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019 a samu lambar shiga. Layin da aka yi amfani da shi ya zama nata ne na kanta kuma a adana shi, domin ta kansa saƙonnin hukumar za su riƙa zuwa, kada a yi da layin mai shagon intanet ko na wani ɗan'uwa da zai yi tafiya. A duba cewa sunanta da ranar haihuwarta iri ɗaya ne a NIN da takardar WAEC ko NECO, saboda sunayenmu suna da rubutu iri-iri, a nan Aisha a can Aishatu, a nan Muhammad a can Mohammed, kuma gyara yana cin lokaci da kuɗi. A yi rajistar a cibiyar da hukumar ta amince da ita, yarinyar tana zaune tana kallon allo, ta tabbatar da darussa huɗun da aka cike mata da idonta kafin a tura. Sai batun lalle, wanda hukumar da kanta ta yi gargaɗi a kansa: yana ɓata zanen yatsa har na'ura ta kasa gane mai shi, kuma wanda na'ura ba ta gane ba ba ya shiga ɗakin jarrabawa. A 2024 da 2025 ƙaramar Sallah ta zo makonni kaɗan kafin jarrabawar, wadda aka fara a watan Afrilu, saboda haka ta haƙura da ƙunshi a yatsu tun daga lokacin rajista har ta fito, ko da bikin 'yar'uwarta ake yi. Duk wanda kuma ya ce maka zai iya ƙara mata maki a kwamfutar hukumar idan ka biya, ɗan damfara ne.

Idan sakamako ya fito, kada ta ajiye littafi. Ɗalibai da yawa sukan saki jiki na wata biyu ko uku, sai jarrabawar Post-UTME ta riske su sun manta rabin abin da suka sani, alhali a wasu jami'o'in nauyinta ɗaya da na JAMB. A lokacin ne kuma za ku zauna ku dubi makin da idon gaskiya, domin hukumar tana ba da damar sauya jami'a ko fanni. Jami'o'in da ake rububinsu ba sa waiwayar wanda bai sa su a zaɓi na farko ba, don haka zaɓi na farko shi ne kusan komai. Mai maki 265 da ba zai kai ta ga likitanci a Zariya ko Kano ba, tana iya samun dama a wata kwalejin da masu nemanta ba su kai haka yawa ba, kuma yanzu akwai su a Arewa fiye da da, irin su Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare, Jami'ar Tarayya ta Dutse, da jami'o'in jihohin Kaduna da Gombe, sai dai na jihohi sukan fifita 'yan asalin jiharsu. Kafin a zaɓi kowace, a tabbatar MDCN ta amince da kwalejin.

Akwai kuma hanyar shiga kai tsaye zuwa aji biyu ta jarrabawar IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita, kuma makarantarta ta share fage da ke Funtuwa tana cikin jiharku. Hanya ce mai kyau ga ɗalibin da ya fi ƙwazo a rubutaccen bayani a kan tseren daƙiƙa 40, amma kujerun likitanci ta wannan ƙofar sun fi ƙaranci, kuma sai da sakamako mai kyau matuƙa. Abin da ba na ba da shawara a kai shi ne ta karɓi wani fannin kimiyya da niyyar za ta sauya zuwa likitanci bayan shekara ɗaya, domin ƙayyade kujerun da na ambata ya sa wannan sauyi ba kasafai yake yiwuwa ba. Idan za ta karɓi harhaɗa magunguna ko aikin jinya ko kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ko gashin ƙashi, ta karɓa don tana son ta yi aikin, kuma su ma ana rububinsu sosai.

A ƙarshen zangon, ta tabbatar an ɗora sakamakonta na sakandare a shafinta na JAMB, domin wanda ba a ɗora nasa ba CAPS ba ya la'akari da shi komai yawan makinsa. Ta riƙa leƙa shafin a kai a kai daga lokacin da jami'ar ta fara fitar da sunaye, kuma idan gurbi ya fito ta danna amincewa cikin wa'adin da aka bayar, sannan ta buga takardar shaidar ɗauka daga shafin hukumar. Duk gurbin da aka ba ta wanda bai bi ta cikin CAPS ba, hukumar ba ta san da shi ba, kuma matsalarsa takan fito ne bayan shekaru, lokacin da za a tura sunayen masu zuwa bautar ƙasa.